Askin da Na Yi wa Abokan Ango

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka ce in cire hulata a falon Mukhtar ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Na yi iyakar yi na. Matsalar ita ce Allah ya haɗa ni da abokai marasa imani, irin waɗanda ko shekara nawa aka yi ba sa barin magana ta mutu.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don ku san cewa abin da ya same ni bai zalunce ni ba. A unguwar Ɗan Iya aka haife ni, a nan na yi wasan ƙasa, na sha ruwan randa da moɗa ɗaya da kowa. Amma tun da na samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati na kama haya a GRA sai na koma wani mutum dabam. (Boskwata ce, ɗaki biyu a bayan gidan wani tsohon babban sakatare, daf da igiyar shanya. Amma idan aka tambaye ni inda nake zaune, GRA kawai nake cewa in ja bakina in yi shiru.) Na ɗauki wata irin tsabta na ɗora wa kaina, wadda in an duba da kyau ƙyamar mutane ce kawai ta sa kaya masu guga. In zan hau keke sai na shimfiɗa hankici a kan kujera. In na gaisa da mutum sai na faki idonsa na goge hannuna. Kowace cuta aka ambata ina da bayani a kanta, kuma bayanin bai taɓa canjawa ba: ƙazanta ce.

Cutar fata kuwa ita na fi tsana. Kun san yadda take a garin nan, musamman idan zafi ya haɗu da damina. Ka shiga kowace makarantar firamare za ka ga yara da farin zagayen makero a ka. Ka tsaya a bayan sahu a masallaci za ka ga kyasbi ya yi wa wuyan wani taswira. Ga masu cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, ga masu susar da ba a yi a gaban surukai. Ni duk waɗannan kallon marasa wanka nake yi musu. In na ga yaro da makero sai in ce iyayensa ba su san kuɗin sabulu ba, in taɓe baki in wuce.

Saboda haka ne na daina zuwa shagon aski. Na sayi injin askina na kaina, mai caji, da burushinsa da tawul ɗinsa, na ajiye su a wata 'yar jaka kamar kayan aikin likita. Ni nake yi wa kaina aski a gaban madubi, matata Bilkisu ta gyara mini ƙeya inda hannuna ba ya kaiwa. A ofis har wa'azi nake yi a kai. Nakan ce duk wanda ya miƙa kansa ga injin da ya bi ta kan mutum ɗari, to shi ya sayi cuta da kuɗinsa.

Ana saura kamar wata biyu bikin Mukhtar, Bilkisu tana gyara mini ƙeya sai ta tsaya. Ta ce akwai wani zagaye a nan ƙasan gashi, gefensa ya yi ja yana ɓarewa, kuma ita dai ya yi mata kama da makero. Na juyo na kalle ta kamar ta zagi mahaifina. Na ce mata kwalar riga ce take gugar wajen, ga zafi, ga gumi. Na ƙara da cewa makero ba ya kama mutumin da ke wanka sau uku a rana. Ta ce to, ta ci gaba da aikinta. (Bilkisu tana da wani irin "to" da ya fi doguwar magana ciwo, amma a lokacin ban gama karantarsa ba.)

Wajen yana ƙaiƙayi kam, ba zan yi ƙarya ba. Na biya wani kemis na ce a ba ni man ƙurajen zafi mai ƙarfi. Aka ba ni wani irin man nan da ake cewa yana maganin komai da komai. Na shafa kwana kaɗan, ƙaiƙayi ya lafa, Bilkisu ta ce jan ya dusashe. Na ce mata ta gani ko, ai na faɗa. Daga nan kullum in ya motsa sai in lakata in shafa, in kafa hulata, in fita in ci gaba da raina jama'a.

Mukhtar abokina ne tun muna 'yan yara, gidansu yana kallon namu a Ɗan Iya. Zai auri wata yarinya 'yar GRA ta gaske, wato wadda gidansu ke gaba ba baya ba, kuma ni ne babban abokin ango. Na ɗauki wannan muƙami kamar an naɗa ni kwamishina. Ni na zaɓi shaddar anko, ni na zaɓi huluna, ni na tsara wanda zai shiga wace mota. Da aka zo maganar aski sai na kafa doka a guruf ɗinmu na waya cewa babu abokin angon da zai je shago. Na ce ba za mu je gaban dangin amarya da ƙuraje a wuya ba, ni zan kawo injina in yi wa kowa da hannuna. Kyauta ce, don haka babu wanda ya yi musu.

Ranar Alhamis da hantsi muka taru a ƙofar gidan su Mukhtar, a gindin darbejiya. Na ajiye kujera, na buɗe jakata a hankali don kowa ya ga tsarin kayan. Na fara da ango, na gyara masa ƙeya da saje da gemu, na kaɗe da burushi. Sai na gaba, sai na gaba. Tawul ɗaya ne nake ɗaura wa kowa a wuya, injin ɗaya, burushi ɗaya, kuma ban wanke komai a tsakani ba. Me zan wanke? Kayana ne, ni kuwa a ganina tsabtar da kanta a wurina take koyon aiki. Ina aski ina ba su labarin irin cututtukan da na tsamo su daga ciki.

Can sai ga Haladu a kan babur. Shi ma tare muka taso, amma bayan makaranta sai ya koma wajen Gubi, can bayan gari, ya kama noma da kiwon kifi, ga 'yan shanunsa. Yana samu fiye da ni nesa ba kusa ba, amma hannunsa kullum da kaushi, takalminsa da taɓo, ni kuwa abin da nake gani ke nan. Ya gaisa da kowa, ya cire hula ya zauna a kujera yana dariya, ya ce shi ma a yi masa irin na ango.

Na kalli kan nan nasa da ya sha rana, na tuna da shanu, na tuna da ruwan kifi. Sai na danna injin na kashe, na girgiza shi a kusa da kunnena, na ce caji ya ƙare. Kowa a wurin ya ji yadda injin yake kuka lafiya lau kafin nan. Haladu ya mayar da hularsa ya ce ba komai, bari ya leƙa wurin mai askin bakin titi. Ya tafi ya dawo da askinsa, bai sake tayar da maganar ba.

Biki ya yi kyau, ba na ƙi. An ɗaura aure, an yi dina, mun sha hotuna, wuyan kowa fes kamar an zana da alƙalami. Mutane suka yi ta yaba askin, ni kuma ina ta karɓar yabon da ɗan sunkuyar da kai irin na manya.

Ba a rufe sati uku ba sai saƙonni suka fara shigowa guruf. Wani ya ce ko akwai wanda wuyansa ke ƙaiƙayi. Wani ya turo hoton ƙeyarsa da wani jan zobe a kai. Kafin a jima hotuna sun cika guruf, kowa da nasa zoben, wani biyu, wani uku. Na ango ya fi na kowa muni, domin nasa ya shiga cikin gemu ya kumbura, gashin wajen yana zubewa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, amarya ma ta wayi gari da zagaye a kumatu.

Nan fa magana ta tashi daga wasa. Dangin amarya suka fara cewa yarinyarsu ta tashi fatarta kamar ta jariri, daga kai ta gidan miji ta kwaso cutar 'yan firamare. Wata gwaggonta ma ta ce dama ta faɗa a bincika irin gidan da yaron ya fito. Maganar ta koma kunnen Hajiya, mahaifiyar Mukhtar, ta ce ita ɗanta ba ƙazami ba ne, baki ne ya kama su saboda kyan da suka yi a biki. Amarya ta daina fitowa gaida baƙi, ta raba musu matashin kai da tawul. Mukhtar ya kira ni muryarsa a dusashe, ya ce auren da bai yi wata ba ga shi ana neman a mayar da shi rigimar unguwa da unguwa.

Ni kuwa da na ji haka sai na ga dama ta samu. Na zauna na yi bincike irin na masu ilimi, wato na fara da wanda nake so ya zama mai laifi sannan na nemo hujja. Na tuna ranar da aka kawo hulunan anko, Haladu ya yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda za ta shige shi, saboda Allah ya ba shi kai. Shi ke nan, na gama. Na rubuta a guruf cewa ba na son kiran suna, amma kowa ya san wanda yake kwana da shanu kuma ya saka kansa a hular kowa. Na ƙara da cewa ni kaɗai na tsira, kuma ba sai na faɗi dalili ba.

Sai can da yamma Haladu ya rubuto cewa Allah ya ba kowa lafiya. Daga ranar mutane suka fara ja da baya da shi. Na ji an ce ya kai wa Mukhtar kifi gida, aka karɓa daga bakin ƙofa ba a ce ya shigo ba. Da labarin ya zo mini ban ji komai ba, har cewa na yi gara haka, ya koyi darasi.

Amarya tana da yaya likitar fata, Dakta Rabi, wadda ta koma wurin aikinta a wani gari bayan biki. Da ta ga hoton kumatun ƙanwarta sai ta ce a tara mata duk abokan ango ranar Lahadi bayan la'asar a gidan Mukhtar, za ta zo ta gan su da idonta. Na yi murna da wannan taro ƙwarai. A raina na ce yau ga wadda za ta fahimce ni, mai ilimi da mai ilimi. Na sa farar shadda, na kafa hula, na fesa turare. Da zan fita Bilkisu ta tambaye ni ko zan bari likitar ta duba nawa wuyan tunda dama ta samu. Na ce mata ni shaida zan je bayarwa, ba jinya ba. Ta ce to.

Falon ya cika. Abokai suna zaune a ƙasa kowa yana satar susa. Ango yana gefe da gemu rabi da rabi. Hajiya ta zo da kanta, tana kan kujera da ƙullin hayaƙin da ta karɓo na maganin baki. Gwaggon nan ta amarya ma tana nan, ta ɗaure fuska, amarya kuma tana leƙe daga ƙofar ɗaki da mayafi a rabin fuska. Haladu ya zo a ƙarshe ya zauna kusa da takalma, aka bar masa fili mai yawa ta kowane gefe.

Dakta Rabi ba ta gama gaisawa ba na miƙe. Babu wanda ya ce in yi magana. Na gyara hula na fara jawabi. Na yi bayanin cewa makero cutar rashin tsabta ce, na kawo misalin unguwannin da aka fi samunta, har da unguwar da aka binne cibiyata. Na ce akwai mutanen da ruwa da sabulu ba su dame su ba, kuma idan aka haɗa su da masu tsabta a anko ɗaya to dole a ga abin da aka gani. Ina magana ina kallon wajen takalma. Gwaggon amarya tana gyaɗa kai, abin da ya ƙara mini ƙarfi ke nan. Na rufe da cewa ni da na kiyaye, ga ni nan lafiya lau.

Likitar ta saurare ni har ƙarshe, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta ce ta gode, sannan ta sa safar hannu ta ja kujera kusa da taga, ta ce a zo ɗaya bayan ɗaya. Tana dubawa tana tambayar kowa yaushe ya fara. Duk amsar kusan ɗaya ce, kuma duk a wuri ɗaya abin ya fito: layin ƙeya, layin saje, ƙarƙashin gemu. Ta ce abin mamaki, babu wanda ya fito masa a inda hula take zama, duk a inda injin aski ya bi ne.

A nan na gyara zaman hulata.

Aka zo kan Haladu. Ya cire hula ya sunkuya. Ta duba kan, ta duba wuya, ta duba bayan kunne, ta sa ya naɗe hannun riga. Ta ce wannan ba shi da komai, ko ɗigo. Ta tambaye shi ko shi ba a yi masa aski tare da sauran ba.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji Haladu. "Ni da aka zo kaina caji ya ƙare."

Wani ya yi tari. Wani ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Dakta Rabi ta tambayi wanda ya yi musu askin, kuma ban taɓa ganin yatsu sun haɗu a kan mutum ɗaya da sauri irin haka ba. Ta juyo ta dube ni, ta nuna kujerar da ke gabanta.

Na ce ai ni ba ni da komai. Ta ce ta ji, amma in zo. Na ce ƙurajen zafi ne kawai na taɓa yi, kuma sun warke. Ban san lokacin da wannan maganar ta fito daga bakina ba.

"Malam, cire hular," ta ce.

Daga inda nake tsaye zuwa kujerar nan bai fi tsawon tabarma ba, amma na ji kamar da ƙafa na tafi Gubi. Na zauna na ba jama'a baya, na cire hula, ta ja kwalar rigata ƙasa. Ban ga abin da suka gani ba, amma na ji shi, domin falon gaba ɗaya ya ja numfashi lokaci guda. Ta ɗauki hoto da wayarta ta miƙo mini ta kan kafaɗa.

Jama'a, ashe abin da nake yawo da shi a bayana ya kai faɗin tafin hannu. Ya tashi daga cikin gashi ya gangara har ƙasan kwala, zobe a cikin zobe, tsakiyar ta yi fari fat saboda man da nake shafawa. Na sauran duk 'ya'ya ne. Nawa ne uwar.

Ta tambaye ni man da nake shafawa, na faɗa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta ce ta yi zato. Daga nan ta yi wa falon bayani, kuma ba ta ce in tashi ba, don haka ina zaune a gabansu da wuya a buɗe kamar allon makaranta. Ta ce makero da kyasbi da cin ruwan ƙafa duk dangi ɗaya ne, wata ƙwaya ce irin funfunar da ke fitowa a jikin burodi, kuma abin da take so shi ne ɗumi da laima. Garinmu kuwa ga zafi ga gumi, ga hula da kwala da safa da ba sa barin fata ta sha iska. Ta ce ƙwayar tana bin injin aski, da mataji, da tawul, da matashin kai, tana kuma zuwa daga kyanwa ko maraƙi. Ta ce da wuya ta yi wuni a asibiti ba ta ga masu ita ba, daga 'yan makaranta har masu manyan motoci, kuma wanka sau goma ba ya hana ta idan ka yi tarayya da mai ita a kaya. Irin man da na saya kuma, in ji ta, yana kwantar da ƙaiƙayi ne ya ɓoye jan, ƙwayar kuma ta samu sarari ta yi ta yaɗuwa a ƙarƙashi.

Sai ta tambaya ko muna da dabba a gida. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna da kyanwar matar mai gidanmu, wata fara mai gashi buzu-buzu da aka kawo daga waje. Kullum in na dawo aiki na tarar da matar a tsakar gida sai in ɗauki kyanwar in ɗora a kafaɗa ina yi mata wasa, ba don ina son kyanwa ba, sai don a san ɗan hayan baya mutumin kirki ne. Na ma lura gashin kunnenta ya ɗan zube, na ɗauka ado ne irin na ƙasarsu.

Ina cikin wannan hali Hajiya ta taso ta leƙa wuyana, ta ajiye ƙullin hayaƙinta a kan tebur. Matar nan ta goya ni ina jariri.

"Ai shi wannan tun yana ƙarami haka yake," ta ce wa likitar. "Duk layinmu babu wanda ya kai shi makero. Uwarsa ta sha shafa masa shuɗin magani a ka, yara suna binsa suna waƙa."

A nan ne dariyar da ake ta riƙewa ta ɓalle. Har amarya na jiyo tana ƙyalƙyatawa a bayan ƙofa. Gwaggon da ke gyaɗa mini kai ɗazu ta ja kujerarta baya, ta tambayi Mukhtar wai wannan ɗin ba shi ne aka ce mata ɗan GRA ba. Ango ya dafa gemunsa ya dube ni. Na nemi hulata in rufe abin kunya, likitar ta ce kada in mayar, a kai ta wanki da ruwan zafi tare da duk sauran hulunana. Haka na fito daga gidan nan kai a buɗe, kwala a karye, na tari keke, kuma ban ko tuna da hankici ba.

Da na isa gida Bilkisu ta dubi kaina, ta dubi hular da ke hannuna a cikin leda. Ba ta tambaye ni yadda shaidar ta kasance ba. Ta ɗora ruwa a wuta kawai, ta fara kwaso zannuwan gado.

Magani ya ɗauki makonni, ƙwayoyi na sha da man shafawa na gaskiya, ni da ango muka fi kowa daɗewa a kai. Rigimar dangi ta mutu a ranar, domin duka ɓangarorin biyu sun samu wanda za su haɗu su zaga, kuma hakan ya haɗa kansu fiye da yadda ɗaurin auren ya yi. Da na je na gaya wa matar mai gida cewa a kai kyanwarta wurin likitan dabbobi, sai ta ce kyanwarta ba ta taɓa ciwo ba sai da na fara ɗaukarta, kuma daga yau kada in ƙara taɓa ta. Har yanzu a gidan nan an tafi a kan cewa ni na shafa wa kyanwa.

Zuwa wurin Haladu ne ya fi mini wuya. Na same shi a bakin tafkin kifinsa yana watsa musu abinci. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ya yafe mini. Ya ce shi ai godiya zai yi mini, domin da na ƙaunace shi kamar yadda na ƙaunaci sauran da yanzu shi ma yana susa. Ya ce abin da ya yi masa ciwo ba askin ba ne, kifin da aka karɓa a bakin ƙofa ne. Ya cika mini leda da tarwaɗa, amma kada ku ɗauka waliyyi ne: shi ne ya raɗa mini sunan Sarkin Aska, kuma shi ya tabbatar sunan ya kai har ofishinmu.

Bara ya yi aure, ya kuma sa ni a cikin abokan ango. Da aka zo rabon aiki sai ya ce ni zan kula da wurin ajiye motoci, a can waje, inda babu kan kowa a kusa. Na tsaya a rana ina nuna wa direbobi inda za su tsaya, ana cin shinkafa a ciki.

Ba zan ce muku na zama mutumin kirki ba, har yanzu ina da ra'ayi a kan mutane kuma yawancinsa ba mai daɗi ba ne. Abin da ya canja shi ne, yanzu idan wani abu ya ɓaci a taro aka fara tambayar wa ya jawo, ni ne na ƙarshen buɗe baki. Kafin in buɗe ɗin ma sai na waiga na tabbatar babu likita a ɗakin, kuma babu wata tsohuwa da ta san ni ina yaro.